Bakin ruwan fadama da hantar 'ya'yan tumaki

Gidanmu a kan tudu yake, amma gonar shinkafarmu tana can gangare, cikin fadamar kogin Haɗeja, inda ruwa yake kwanciya tun daga tsakiyar damina, ba ya kuma gama janyewa sai hunturu ya kama sosai. Tun ina yaro al'adar gidan ɗaya ce: da zarar an yanke shinkafa an kwashe, sai a kora tumaki su bi ragowar kara da ɗanyar ciyawar da ke tsirowa a duk inda ruwa ya ja baya. A lokacin da tudu ya bushe ƙayau, babu abin da ke faranta ran mai kiwo kamar ganin koren nan, kuma ban taɓa jin wani a gidanmu ya kawo shakka a kansa ba.

A shekarar da nake son ba da labarinta, tumakina sun haihu da kyau a ƙarshen damina, na sami 'ya'ya goma sha ɗaya, yawancinsu 'yankasa, biyu kuma ruwa biyu da uda. A watan Nuwamba suka fara bin iyayensu fadama. Har tsakiyar Janairu babu wanda ya yi tari ko zawo, gashinsu yana sheƙi, ina ta lissafin waɗanda zan ware don Babbar Sallah mai zuwa. Ranar nan da asuba na tarar da wanda ya fi kowa girma a cikinsu ya zama mushe, alhali da yammacin jiya da ƙafarsa ya shigo gida. Bayan kwana biyu wani ya bi shi. Na ukun mun same shi a kwance yana nishi, ba ya son a taɓa cikinsa, sai na aika aka kira mahaucin unguwarmu muka yanka kafin ya cika.

Da ya farke cikin, sai ya dakata ya ce, "Malam, matso ka gani da idonka." Ruwa ne jajaja, gauraye da jini, ya cika kogon cikin. Hantar ta kumbura, ta yi laushi har tana marmashewa a hannu, duk jikinta layi-layi ne na daskararren jini kamar an yi ta soka mata tsinke ta ko'ina. Da ya matse wani yanki a cikin kwanon ruwa, sai ga wasu 'yan ƙananan abubuwa farare-farare, faffaɗa, waɗanda tsawonsu bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Ya ce, "Hanta ce. Amma irin wadda na saba gani a shanu manya ce, kamar ganye. Waɗannan ba su ma girma ba." Abin da ya fi damuna a ranar shi ne, mako uku kafin nan na ba kowane ɗaya daga cikinsu ƙwayar albendazol da hannuna, kuma a jikin takardar an rubuta ɓaro-ɓaro cewa tana kashe tsutsar hanta. Neman amsar wannan ne ya kai ni wurin likitan dabbobi da karance-karance, kuma abin da na fahimta shi nake son rubutawa a nan.

Cutar da makiyaya ke kira ciwon hanta, ko hanta kawai, wata tsutsa ce mai faɗi kamar ganye take kawo ta, wadda saboda kamarta da matsattsaku wasu da sunan suke kiranta. Iri biyu ne suka shahara a duniya. Ta ƙasashen sanyi, irin su Ingila da Ailan, ita ce Fasciola hepatica, tsawonta wajen santimita 3. Tamu ta nan Afirka ta Yamma ita ce Fasciola gigantica, wadda kan kai santimita 7 ko fiye kaɗan. Babbar tana zaune a cikin hanyoyin da ruwan maɗaci ke bi a hanta, tana shan jini, kuma kowace ɗaya mace ce namiji ce a lokaci guda, saboda haka ko ita kaɗai ce tana iya yin ƙwai. Ƙwan da take zubarwa a rana ɗaya kan kai dubu ashirin, ya bi ruwan maɗaci zuwa hanji, ya fita da kashi.

Wurin da ya kamata mai kiwo ya tsaya ya natsu shi ne abin da ke faruwa da ƙwan bayan ya fita. Idan ya faɗi a busasshiyar ƙasa rana ta doke shi, shi ke nan ya mutu. Idan kuwa ya faɗa ruwa, cikin mako biyu zuwa uku sai ya ƙyanƙyashe wata mitsitsiyar halitta mai iyo, wadda rayuwarta ba ta wuce yini guda, kuma dole ne a cikin waɗannan sa'o'i ta sami wata katantanwar ruwa ta shige jikinta, in ba haka ba ta halaka. Katantanwar ba kowace iri ba ce. A ƙasarmu ita ce Lymnaea natalensis, ƙarama, mai siririn ɓawo mai tsini, wadda ba ta cika wuce santimita 2 ba, tana son ruwa mai tsabta wanda yake tsaye ko yake gudu a hankali, mai ganyaye, kuma wanda ba ya ƙafewa da wuri. A cikinta halittar nan take hayayyafa har wata ɗaya zuwa biyu, guda ɗaya ta zama ɗaruruwa, su fito da wutsiya kamar talibambam, su yi iyo zuwa ga ganyen ciyawa da ke cikin ruwa, su manne, su yar da wutsiyar, su rufe kansu da ɓawo mai tauri. Ƙullutun nan bai kai ƙwayar yashi ba, ido ba ya lura da shi. Yana nan a manne yana jira, idan akwai laima da inuwa har watanni. Ruwa zai ja baya ya bar ciyawar a fili, kore shar, daidai tsayin bakin ɗan rago.

Daga nan na gane cewa ɗan rago ba ya shan wannan cuta a nono, ba ya kuma ɗaukarta don ya kwana kusa da marar lafiya. A wani wuri takamaimai yake ɗaukarta, a wani lokaci takamaimai, kuma wurin shi ne layin da ruwa ya taɓa kwanciya a kan ciyawa. Mutane biyu ne suka fara gano wannan zagaye tsakanin 1881 da 1883, Thomas a Ingila da Leuckart a Jamus, kowa da nasa aikin, jim kaɗan bayan damina mai yawan ruwa ta sa cutar ta kashe tumaki kimanin miliyan 3 a Birtaniya a 1879 zuwa 1880. Kafin nan su ma makiyayan can sun san cewa dausayi yana ruɓar da hantar tumaki, dalilin ne ba su sani ba. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Idan ɗan rago ya haɗiye ƙullutun, ɓawon yakan narke a cikin ƙaramin hanji, 'yar tsutsar ta huda bangon hanjin, ta ratsa kogon ciki, cikin mako guda ta isa hanta ta huda ta shiga. Sai ta yi wata biyu ko fiye tana yawo a cikin tsokar hantar, tana ci tana girma, tana barin rami da jini a bayanta, kafin ta gangara cikin hanyoyin maɗaci ta zauna. Irin tamu ba ta fara ƙwai sai bayan mako 13 zuwa 16 da haɗiye ta. Wannan lissafi na makonni shi ne ginshiƙin komai, domin a kansa alamun cutar suke, a kansa gwaji yake, a kansa kuma zaɓen magani yake.

Idan dabba ta kwashi ƙullutu da yawa cikin ɗan lokaci, dubu biyu ko fiye, to 'yan tsutsotsin za su afka wa hantar tare, su yayyaga ta, jini ya tsiyaya a ciki, dabbar ta mutu tun kafin ta rame. Abin da ya sami nawa ke nan. Hantar ɗan rago ƙarama ce, adadin da saniya za ta ɗauka ta ci gaba da yawo shi kuwa zai kwantar da shi, kuma tumaki, saɓanin shanu, ba sa samun wata garkuwa ta kirki komai yawan kamuwarsu. Idan kuwa kaɗan-kaɗan ya riƙa ɗauka, 'yan ɗaruruwa a tsawon rani, to sai bayan wata huɗu ko biyar abin zai bayyana: girma ya tsaya, ƙashin baya ya fito, gashi ya yi birkici, cikin fatar ido da dasashi su yi fari fat, ƙarƙashin haɓa ya kumbura da ruwa. Kowace babbar tsutsa tana jawo asarar jini wajen rabin mililita a rana. Mutum ya lissafa guda ɗari biyu a jikin dabbar da ba ta kai kilo 15 ba. Akwai kuma haɗari na uku, wanda ba a cika ambata ba: raunin da tsutsar ke yi yana buɗe wa wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium novyi ƙofa, wadda ke kashewa cikin sa'o'i, shi ya sa a ƙasashen da ake kiwon tumaki da yawa ake haɗa yaƙi da tsutsar hanta da allurar rigakafin wannan ƙwaya.

Fari a ido da kumburin haɓa ba na tsutsar hanta kaɗai ba ne. Akwai siririyar tsutsar ciki mai shan jini, Haemonchus contortus, wadda alamunta kusan iri ɗaya ne. Abin da ke taimaka mini wajen rarrabewa shi ne lokaci da wuri. Ita waccan da damina take ɓarna, a kan tudu ma tana yi. Idan kuwa aka ga waɗannan alamu daga tsakiyar hunturu zuwa bazara, a dabbar da ta yi kiwo a fadama, hanta ce ta fi cancanta a fara zargi. Wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Holan, Schillhorn van Veen, wanda ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya wallafa bincikensa a 1980 kan katantanwar nan a yankin Zariya, kuma abin da ya nuna ya yi daidai da abin da muke gani: ruwan sama mai ƙarfi yakan wanke katantanwar, bayan ɗaukewar ruwa sai ta yawaita a farkon rani, daidai lokacin da dabbobi ke gangarowa fadama.

Sai dai fadamarmu ta yau ba ita ce ta zamanin kakanninmu ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, kogin ya daina yadda ya saba na cika da damina ya ƙafe da bazara. Yanzu akwai wuraren da ruwa ba ya yankewa shekara zagaye, kachala ta cika magudanai ta rage gudun ruwa, ga kuma hanyoyin ban-ruwa na noman rani a Kura da Bunkure da Garun Malam da Auyo. Ƙafewar bazara ita ce da take rage katantanwar, domin ba ta jure bushewa sosai. Inda babu ƙafewa, lokacin haɗari ya tsawaita. Ba na faɗin haka don kushe noman rani, wanda da shi muke ci. Ina faɗa ne don mai tumaki a irin waɗannan wurare ya san cewa lissafin mahaifinsa ba lallai ya yi masa aiki ba.

Yanzu in dawo kan ƙwayar da na bayar ba ta yi aiki ba. Da na kai wa likita takardar, ya duba ya ce, "Malam, maganinka bai yi ƙarya ba, lokacinsa ne bai yi ba." Albendazol yana kashe tsutsar hanta, amma babba kaɗai, wadda ta riga ta zauna a hanyar maɗaci, kuma sai an ƙara yawansa zuwa miligiram 7.5 a kowane kilo, saɓanin 5 da ake ba tsutsar ciki. 'Yan tsutsotsin da ke yawo cikin tsokar hanta ba ya taɓa su. Haka oksikilozanaid yake, manya kaɗai yake kashewa. Nitiroksinil, allurar nan mai ruwan ɗorawa da ke rina gashi, da kilosantel da rafoksanaid, suna fara aiki ne idan tsutsar ta kai kimanin mako shida zuwa takwas. Magani ɗaya ne yake kama ta tun tana 'yar kwanaki har girmanta, shi ne tirikilabendazol, wanda a jikin kwalba ake rubutawa triclabendazole, ana kuma ɗura shi miligiram 10 a kowane kilo. Allurar aibamektin kuwa, wadda mutanenmu suka ɗauka maganin komai ce, idan ita kaɗai ce ba a haɗa ta da wani abu ba, ba ta yi wa tsutsar hanta komai, haka ma lebamizol. Na sha ganin mai kiwo yana maimaita ta sau uku a kan dabbar da hantarta ke lalacewa, yana cewa an yi wa garkensa baki.

Saboda haka tambayar da nake yi wa kaina kafin in sayi magani ita ce: mako nawa ke nan da 'ya'yan nan suka fara taka fadama? Idan wata ɗaya ne zuwa biyu, abin da ke cikinsu ƙanana ne, tirikilabendazol kaɗai ya dace. Idan an kai ƙarshen bazara, an daɗe da janye su daga bakin ruwa, abin da ya rage manya ne, a nan albendazol ko kilosantel sun wadatar, kuma bai kamata a ɓata tirikilabendazol a kansu ba. Wannan ɗurar ta ƙarshen bazara, wadda ake haɗawa da iyaye da raguna duka, ina ba ta muhimmanci ƙwarai, domin ita ce take hana garke shiga damina yana zubar da ƙwai a cikin ruwa. Abu ɗaya za a kiyaye: ba a ba tunkiya albendazol a lokacin barbara da watan farko na ciki, saboda yana iya illata ɗan tayi.

Dalilin tattalin tirikilabendazol kuwa shi ne, tun da ya fito kasuwa a farkon shekarun 1980 da sunan Fasinex aka dogara da shi fiye da kima, har a 1995 aka ba da rahoton farko daga Ostireliya cewa tsutsar ta fara bijire masa a tumaki, daga baya aka ga haka a Ailan da Birtaniya da Holan da wasu ƙasashen Kudancin Amurka. Idan ya daina aiki a gona, babu wani da zai maye gurbinsa wajen kashe tsutsar tun tana 'yar kwanaki. Abin da ke gaggauta bijirewar shi ne yawan maimaitawa ba dalili da kuma ba da ƙasa da kima.

Maganar kima ta sa na sayi sikelin rataye da tsohon buhu. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a kan nauyin ɗan rago idona ya sha yaudarata, wani lokaci da kilo uku ko huɗu, wanda a jikin ƙaramar dabba ba kaɗan ba ne. Ɗan ragon da ya kai kilo 12 yana buƙatar miligiram 120 na tirikilabendazol. Idan ruwan maganin mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari ne, mililita 2.4 ke nan, idan mai kashi 10 ne, 1.2. Da sirinji marar allura ake aunawa, a zuba a bayan harshe a hankali. Wuce kima ma yana da nasa haɗarin, musamman kilosantel, wanda idan ya yi yawa yana makantar da dabba makanta ta dindindin, kuma ƙananan su ne suka fi faɗawa ciki saboda ana auna musu da ma'aunin manya. Ina duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ba na kuma sayen maganin da ya wuni a rana a kan tabarmar kasuwa. Haka nan kowane ɗaya daga cikin magungunan nan yana da kwanakin da ba a yanka dabba a ci bayan an ba ta, waɗansu sun haura wata guda, har kusan biyu. Mai shirin layya ko suna ya karanta takardar ya lissafa.

Amma duk wannan bayani na magani yana da iyaka guda wadda ta sauya mini tsarin kiwo baki ɗaya: babu ɗaya daga cikinsu da ke kare dabba daga abin da za ta ci gobe. Ka ɗura yau, ka mayar da su bakin ruwa da safe, an koma gidan jiya. Shi ya sa na yanke shawarar cewa 'ya'yan tumakina ba za su ƙara taka fadama ba a raninsu na farko. Iyaye suna fita, su kuwa suna gida a cikin shinge, a kan tudu, da harawar wake da ta gyaɗa da ƙowa da dusa, ruwansu kuma daga rijiyar burtsatse a cikin komi. Na san wannan kuɗi ne, kuma Baffana, wanda ya girme ni a kiwo nesa ba kusa ba, ya ce mini, "Ɗana, ciyawar Allah tana can kyauta, kai kana sayen dusa?" Na ce, "Baffa, na lissafa kuɗin dusar rani guda, bai kai kuɗin 'ya'ya huɗun da na rasa ba." Domin kafin maganin da ya dace ya iso a waccan shekara, na huɗu ma ya tafi, kuma cikin bakwai da suka rayu akwai biyu da ba su taɓa yin jikin kirki ba, saboda hantar da ta yi tabo ba ta komawa yadda take.

Wanda ba shi da halin tsare su gaba ɗaya, akwai abin da zai iya. Fadama ba duka take da haɗari iri ɗaya ba. Na ɗauki yini guda na zagaya gonarmu da rariya, ina kamfatar ganyen bado da gindin ciyawa a bakin ruwa, sai na tarar katantanwar ta taru ne a wurare uku: tsohuwar magudanar da ba ta ƙafewa, wani kududdufi a kusurwar yamma, da inda famfon ban-ruwa ke yoyo. Ƙaya na sa na kewaye kududdufin, na gyara yoyon, na yashe magudanar don ruwa ya riƙa gudu. Yaron da ke kiwo na nuna masa wuraren da ƙafata, na ce ko tumaki sun ja shi kada ya bari. Gefen da ya bushe tun da wuri, wanda rana ta yi makonni tana duka, haɗarinsa kaɗan ne, domin ƙullutun ba ya jure zafi da bushewa. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa ɗanyar ciyawar da ake yankowa daga bakin ruwa, irin su burgu da roba, a kawo wa dabbar turke a gida, take iya kawo cutar har cikin gida ga ragon da bai taɓa ganin fadama ba. Idan dole ne a yanko, a yanka sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, a baza a rana kwanaki har ta bushe ƙarau, a ajiye ta makonni kafin a bayar. Karan shinkafa ma haka. A Indunusiya, inda irin tsutsarmu ce take damun dabbobin manoman shinkafa, an gano cewa ƙullutun a gindin kara yake taruwa, ɓangaren da ya zauna cikin ruwa.

Wasu sun ba ni shawarar zuba maganin kashe katantanwa a ruwan. Ban yi ba, ba kuma zan yi ba. Irin waɗannan magunguna suna kashe kifi, kuma rabin maƙwabtana masunta ne. Wanda ake yi da sinadarin tagulla kuwa guba ne ga tumakin kansu, ga shi ambaliya ɗaya za ta kawo sabuwar katantanwa daga sama. Agwagi suna cin ta, suna ragewa, amma ba su isa a dogara da su ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne taki: maimakon a kwashi ɗanyen kashin tumaki a watsa a gonar fadama, a tara shi tsibi ya yi zafi ya ruɓe tukuna, zafin da bushewar suna kashe ƙwan. Wannan ya shafi mutane ma, domin ɗan Adam yana kamuwa idan ya ci ɗanyen ganyen da ya tsiro cikin irin wannan ruwa, kamar latas da ba a wanke da kyau ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum aƙalla miliyan 2.4 ne ke ɗauke da ita a ƙasashe fiye da 70. Cin dafaffiyar hanta ba ya sa wa mutum cutar, ko da yake hantar da ta lalace ba abar ci ba ce.

Gaskiya guda da ba ta da daɗi ita ce fadama ta kowa ce. Shanun da ke sauka da rani suna ɗauke da tsutsar ba tare da ta kwantar da su ba, suna zubar da ƙwai a mashayar da tumakinmu ke sha, kuma ba wanda zai ce laifinsu ne, tun da su ma ruwa suke nema. Don haka mutum ɗaya ba zai tsarkake fadama ba, abin da zai iya shi ne ya kare ƙananansa. Da a ce masu dabbobin ƙauye za su haɗu su ɗura a mako guda a ƙarshen bazara, tare da makiyayan da ke zaune kusa, da ƙwan da zai shiga ruwa da damina ya ragu sosai. Mun gwada a unguwarmu, gidaje kaɗan ne suka shiga, amma bana sun ƙaru.

Game da gwaji, ana iya kai kashi asibitin dabbobi, ko sashen likitancin dabbobi na jami'o'i irin na Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ko ɗakunan gwajin cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a wanke shi a bar ƙwan ya kwanta a duba da madubin likita. Ƙwan ruwan zinare ne, kuma ƙwararre ne ke bambanta shi da na tsutsar tumbi, wanda ya yi kama da shi amma ya fi shi haske. Sai dai a tuna da lissafin makonnin nan: kafin wata uku da kamuwa babu ƙwai, saboda haka a ce ba a ga komai a kashin ɗan rago ba a watan Disamba ba ya nufin hantarsa lafiya take. A Birtaniya jinin 'ya'yan tumakin shekarar suke gwadawa, domin yana nuna kamuwa cikin mako biyu zuwa huɗu, kuma tun da ba su taɓa haɗuwa da tsutsar ba sai bana, su ne ke gaya wa mai gona ranar da haɗari ya fara. Gwajin kashi ya fi amfani a wurina wajen duba aikin magani: a gwada kafin ɗura, a sake bayan mako uku, idan ƙwan bai ragu sosai ba a koma wurin likita.

Gwajin da ba ya cin ko kwabo kuwa shi ne wuƙar mahauci. Yanzu duk dabbar da aka yanka ko ta mutu a gidana, sai na tsaya an tsaga hantar a gabana, an bi hanyoyin maɗaci an matse. A Sallar da ta wuce raguna biyu muka yanka. Na gida, wanda ya yi raninsa na farko a cikin shinge, hantarsa sumul take, ja wur, babu tabo ko ɗaya. Ɗayan, wanda na sayo a kasuwa wata biyu kafin Sallah na haɗa shi da garke kai tsaye, hanyoyin maɗacinsa sun yi kauri sun yi fari, muka zaro manya guda tara. Wata biyun nan yana ta zubar da ƙwai a duk inda ya bi su kiwo. Bana na kafa turke daban a bayan gida, a busasshen wuri, inda duk baƙuwar dabba za ta sha ɗura ta zauna mako huɗu kafin ta haɗu da sauran.